Sukurai Biyun da Tsoho Ya Ɗaure Ran Lahadi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Tsoho ya tafi. Kakana na wajen uba, bakaniken manyan motocin aiki, ya cika ranar Talata da hantsi a ɗakinsa a Kurfi, bayan ya sha koko ya ce bari ya ɗan kishingiɗa.

Ni a daidai wannan lokacin tsalle nake a ƙofar zauren jarabawa. Takardar ƙarshe ce, kuma wallahi ta zo min a sama, irin wadda kake rubutu kana murmushi kai kaɗai. Na zaro waya zan cika wa 'yan ajinmu kunne, sai na tarar da saƙonni jibge a guruf ɗin gida. Ban samu jana'iza ba. Ko da na iso an dawo daga maƙabarta, an baza tabarmi a ƙofar gida, Baffa, yayan babana, yana zaune a tsakiyar masu karɓar gaisuwa.

Da na ɗauka zaman makoki kuka ne zalla. Namu rabinsa dariya ce da ake dannewa da gefen riga. Wani dattijo daga Makera ya yi addu'a, ya shafa, sannan ya ce shi fa har yanzu haushin marigayi yake ji. Kowa ya juyo ya dube shi. Ya ce wata damina can baya tarakta ta ƙi ɗaga garma a tsakiyar gonarsa, ruwa ya sauka, kowa na shuka, shi yana zagaye ƙarfe. Aka kira Tsoho daga Dutsin-Ma. Ya zo a keke, ya ɗora tafin hannu a kan tiyon mai, ya rufe ido kamar mai sauraron huɗuba, ya kwance wani abu ɗan mitsitsi, ya hure, ya mayar. Garma ta tashi. Abin haushin shi ne dattijon ya riga ya sa an yanka zakara, don ya ɗauka aikin yini ne, Tsoho kuwa ko zama bai yi ba, ya hau keke ya ce akwai wata a Shema tana jiransa.

Wani kuma daga Sheman ya ce shi korarsa aka yi daga gonarsa ta gado. Tsoho ya gan shi zai buɗe tankin mai da hannun da ya gama damƙar taki, ya ce masa ya je ya wanke har gwiwar hannu kamar mai alwala, sannan ya dawo a yi magana.

Duk wanda ya tashi tafiya da magana ɗaya yake rufewa: hannun Malam bai taɓa kuskure ba. Baffa ya gyaɗa kai. Baffa hedimasta ne mai ritaya, mutumin da har gobe in ka tura masa saƙo da kuskure zai gyara ya dawo maka da shi, kuma wannan magana ita ce abin alfaharinsa a duniya. Ni kuwa duk sanda aka faɗe ta sai in sunkuya in hau latsa waya, don na san ba haka ba ne. Ya taɓa kuskure, babba ma, kuma a gidan nan ni kaɗai ya gaya wa.

Da zan iya haɗiye abin har abada da na haɗiye. To ranar sadakar uku, wajen sha ɗaya, sai ga wani baƙo tsoho ya sauka daga bayan ɗan acaɓa da 'yar jakarsa, sanye da riga mai dogon hannu a wannan zafin, ya ɓalla maɓalli har wuyan hannu. Ya gaida mutane da Hausar can ƙasa. Da aka ɗaga hannu ana addu'a shi ya sunkuyar da kai. Wani dattijo ya ƙura masa ido ya ce ai wannan direban katafila ne. Nan take Baffa ya sha kunu. Ya miƙa masa bakin yatsu, ya nuna masa ƙarshen tabarma, inda inuwa ta ƙare.

A gidanmu kowa ya san labarin mutumin nan ko bai san fuskarsa ba. Abin da muka taso muka ji shi ne: akwai wani direba, Kirista daga wajen Filato, aminin Tsoho, sun fi shekara goma suna cin abinci a kwano ɗaya, rana ɗaya ya shiga ofishin foman, wato shugaban ma'aikata, ya kai ƙararsa, aka sallami Tsoho daga aiki. Baffa yana kwalejin horon malamai a lokacin. Ya dawo hutu ya tarar an kwashe kaya daga gidan ma'aikata na yadin kamfani a Dutsin-Ma an dawo Kurfi, 'yan yadi suka ba shi labari yadda suka gani: direba ya shiga, direba ya fito, Malam ya tattara sifanoninsa. Ya tambayi ubansa, Tsoho ya ce a bar maganar. Aka bar ta, ita ce dai ba ta bar kowa ba.

Ga shi yau mutumin, ko a ina ya ji rasuwar oho, ya kwana a hanya ya zo ta'aziyya, yana zaune rabin jikinsa a rana, kuma da motar la'asar zai koma. Na dubi shekarunsa na san ba zai ƙara ganin Kurfi ba. Ko in buɗe baki in ɓata wa Baffa uban da ya sani, a gaban jama'a, ranar sadakarsa, ko in yi shiru bawan Allah ya koma gida da sunan maci amana, ya mutu da shi.

Bari dai in gaya muku wane ne Tsoho tukuna, kar ku ji kuskuren kafin ku san mutumin.

Tsoho da hannu yake ganin duniya. Yaro ya yi kuka, tafin hannu a goshi. Babur ɗin maƙwabci ya tsaya a ƙofar gida, tafin hannu a kan inji kafin ma a gaisa. Tukunyar Iya, kakata, ita ma ba ta tsira ba. In ka kawo masa ƙorafin mota kana zuba bayani, sai ya ce ka yi shiru, direba yana iya ƙarya amma tiyo ba ya yi. Kalmarsa ke nan kullum: taɓa ka ji. Ni “injiniyan takarda” yake ce min tun ran da na samu gurbin karatu, ni kuma in ce masa tsohon yayi, in ce saura kaɗan in ƙwace masa Iya in kai ta birni. Ya ce in ɗauka, amma in sani ba ta tashi da safe sai an tura.

Rigimarsa da Iya guda ce tun kafin a haifi babana: faranti. Tsoho ba ya buɗe bawul ɗin haidirolik a fili, wai ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta kashe katafila. Sai ya shiga ɗaki, ya rufe ƙofa, ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya nemi abin da ya fi komai tsabta a gidan. Abin da ya fi komai tsabta kuwa farantan jeren Iya ne. Ta ce akwai shekarar da ta zuba wa baƙi dambu suka ce ya yi daɗi, amma yana ɗan tashin kananzir. Har ya rasu in ta tayar da maganar sai ya ce ai shi ya sa ba su taɓa tsatsa ba.

Shi da direban sun haɗu ne a shekarun saba'in, bayan farin nan, lokacin da aka shiga tare ruwa da ƙasa a ƙauyuka don dabbobi su samu na sha. Ɗaya na tuƙi, ɗaya na gyara. Sun raba mako yadda ya yi musu: ran Juma'a Tsoho ya tafi masallaci, direba ya zauna ya wanke filtoci, ran Lahadi direba ya tafi coci, Tsoho ya samu motar shi kaɗai ya bi ta tiyo-tiyo. Da azumi direban ɓuya yake bayan sarƙar katafila ya sha ruwa don kunya. Tsoho ya kama shi rannan ya ce ya fito fili ya sha abinsa, gara ya ga ana sha da a kifar masa da mota a rami saboda ƙishi. Kullum suna cikin tsokana. Direba ya ce Bakatsine in bai yi kuri ba zazzaɓi yake, Tsoho ya ce mutumin dutse bai iya gaisuwa ba sai “yaya de”.

Duk wannan a hutun da ya wuce na ji shi. Na zo gida da karatun wani kwas da ke ba mu wuya, kan bawul mai jin nauyin kaya, na zauna a zaure ina ta jan hoton a waya ina tsaki. Tsoho ya ce in miƙo ya ga abin da ya gagari injiniya. Na miƙa don in yi masa dariya. Ya nisanta wayar da idonsa, ya daɗe yana kallo, sai ya ɗora farcensa a kan wani siririn layi mai ɗigo-ɗigo da ya tashi daga bawul ya koma famfo.

“Wanga ne ya kada ni,” in ji shi.

Na ɗauka wasa ne. Da na ga fuskarsa na ajiye dariyar.

Ya ce ba a daɗe da ba mu jiha ba kamfanin da suke wa aiki ya kawo sabuwar katafila mai hannu, irin mai haƙa da bokiti, aka kai ta wajen wata madatsa a gefen Ɗantutture. Duk motocin da ya sani kafin ita hali ɗaya gare su: famfo yana tura mai da iya ƙarfinsa ko ana aiki ko ana hira, abin da ba a bukata ya zagaya ya koma tanki. Shi ya sa inji ke gurnani, tiyo ya yi zafi yana motsi a hannu. A wurin Tsoho lafiya ke nan. Shekara da shekaru tafin hannunsa abin da ya haddace ke nan.

Sabuwar kuwa wani abu ce daban, kuma yanzu da na karanta na ga gwanintar. Akwai siririn bututu, bai fi kaurin biro ba, da ke kai wa famfo rahoton nauyin da hannun motar ya ɗauka. Bokiti wayam, famfo ya sassauta. Bokiti ya ci karo da marmara, famfo ya ƙara ƙarfi daidai bukata. Liba kuma, sandar da direba ke sarrafa hannun da ita, gwargwadon yadda ka tura ta, gwargwadon gudun hannun, ko da kaya ko babu. Direban ya haukace a kanta. Ya ce da ita zai iya ɗaukar ƙwai ya ajiye a kan tulu. Takardun motar suna kulle a ofis, cikin yaren da ko foman ba ya ji, wanda ya kawo ta kuma ya nuna wa direba liba, ya sha lemo, ya koma.

Tsoho ya ɗora hannu a tiyo motar tana tsaye inji a kunne, ya ji sanyi, ya ji shiru. Ya ɗaura gejin awon ƙarfin mai, allura tana can ƙasa. Ya ce wa direba famfon nan ciwo gare shi, an kawo musu mushe da sabon fenti. Direba ya ce Oga, motar nan lafiyarta lau, ni ke kanta, don Allah kar ka taɓa. Tsoho ya ce tun yana rarrafe yake gyaran famfo. Suka yi ta yi har Asabar.

Ran Lahadi direba ya tafi coci. Tsoho ya zauna shi da motar. A jikin famfon akwai sukurai biyu, ɗaya bisa ɗaya. Ya ɗaura geji, ya sa sifana, ya dinga ɗaurewa yana kallon allura tana hawa. Ya ɗaure na farko har ƙarshe, ya ƙara wa na biyun. Inji ya ɗauki gurnanin da ya sani, tiyo ya yi tauri ya ɗau ɗumi. Ya ce a ransa yauwa, yanzu ta warke. Ya wanke hannu ya tafi la'asar yana jin daɗin kansa.

Litinin direba ya hau. Tun taɓawar farko ya ji motar ta canza hali, hannun yana fizga kamar jakin da aka tsikara. Ya leƙo ya tambayi Tsoho ko ya taɓa wani abu. Tsoho ya ce ya yi aikinsa kawai. Kafin azahar mai ya yi zafin da ba a iya kusantar tanki, sai tiyon da ke gefen kujerar direba ya fashe. Man ya wanke masa hannun hagu daga kafaɗa har wuyan hannu. Tsoho ne ya sauko da shi, shi ya riƙe shi a bayan tifa har asibitin Dutsin-Ma.

Foman bai wahalar da kansa ba. Ya ce direba ne mai mugun hannu, ya saba da tsofaffin motoci, a rubuta masa takardar sallama in ya fito daga asibiti. Ba wanda ya ga Tsoho ran Lahadi. Da ya yi shiru shi ke nan. Ya ce min kwana huɗu ya yi abinci ba ya wucewa, ran na biyar ya shiga ofis ya ce shi ne, ya faɗi sukuran, ya faɗi zagaye nawa ya yi musu.

To nan cakwakiyar take. Direba ya ji labari a gadon asibiti, ya sulale da hannu a naɗe, ya zo yadi, ya faɗa ofis ya ce ƙarya Oga yake, shi ne ya taɓa sukuran da kansa, a kore shi a bar mai iyali da yawa. Tsoho ya ce ƙarya yake. Foman ya ce tunda yake bai taɓa ganin ƙarti biyu suna faɗa a kan laifi kowa na cewa nasa ne ba. Ya miƙa wa direba sifana ya ce to je ka nuna min sukuran. Direba ya je ya nuna na tankin ruwa. Aka sallami Tsoho. Shigar da 'yan yadi suka gani ke nan, da fitar.

Na ce to ai sai godiya, mi ya kawo gaba? Ya ce shi ne ya ɗau zafi. Wai an maida shi yaro, wanda za a rufa wa asiri da ƙarya a gaban foman. A bakin yadi ya ce wa direban kar ya ƙara shiga maganarsa, ya juya ya tafi. Kafin zuciyarsa ta huce kamfani ya gama aiki ya kwashe motoci da direban ya yi wata jiha. Ba waya a lokacin, ba adireshi. Da yara suka ɗauki labarin a juye kuma, kunya ta hana shi gyarawa. Yau zai faɗa, gobe zai faɗa, sunan “hannun da ba ya kuskure” yana ta girma, maganar tana ta ƙara nauyi.

Amma bai bar bawul ɗin ya ci bulus ba. Bayan ya kafa rumfarsa a Kurfi yana gyaran taraktoci, ya samo irinsa a wajen 'yan gwangwan, ya shige ɗaki da farantan Iya. Ya dinga ɗiga kananzir a wannan rami yana duba inda zai ɓullo, rami bayan rami, har ya bi hanyar siririn bututun nan ya gane aikinsa. Ya ce ran da ya gane sai da ya yi dariya shi kaɗai. Ashe ba ciwo ba ne, hutawa take. Motar ta fi shi hankali, ba ta nishi sai ta ga kaya. Daga baya duk mai irin motar a yankin nan wurinsa yake zuwa, kuma abu na farko da yake ce wa bakanike shi ne in ya ji tiyo da sanyi ya sa hannunsa a aljihu.

Na tambaye shi don mi ni ya gaya wa. Ya ce don ni kaɗai zan gane sukuran da yake nufi. Bai ce in faɗa ba, bai ce in ɓoye ba. Ya miƙo min wayata ya ce in je in ci jarabawa.

Shi ne ranar sadakar ukun na kasa zama. Na shiga cikin gida wajen Iya, tana ɗakinta cikin takaba, na tsugunna na raɗa mata wanda ya zo da abin da Tsoho ya gaya min. Ko tsokanar da muka saba ban yi ba. Ta ce ita ba ta san sukuru ba, ta dai san shekara da shekaru in aka ambaci mutumin nan kakana kallon hannunsa yake. Na ce to mi zan yi? Ta ce abin da ya ba ni, ba ita ya ba, in tashi in ba mata wuri.

Na fito. Rana ta ƙara cin tabarmar, baƙon ya ɗora jaka a cinya alamar shiri. Na fara zuwa wurinsa na durƙusa na ce Baba, ni jikansa ne, ya gaya min maganar ran Lahadi. Ya dube ni da sauri, ya kama hannuna.

“Yarona, bar shi. Mutum ya kwanta da sunansa mai kyau. Ni gaisuwa na zo, na yi.”

Wallahi na so in karɓi wannan in waske. Ga hanya an buɗe min. Amma na ga yadda ya riƙe ni da hannun dama kawai, na hagun yana kwance a kan jaka, sai na ji in na yi shiru ni ma na shiga layin masu cewa gobe.

Na je gaban Baffa na durƙusa na ce ina da magana. Ya ce ta jira. Na ce Baffa, maganar nan da motar la'asar za ta tafi. Ya dube ni ta saman tabarau irin kallon da yake wa ɗan aji uku, ya ce to faɗi.

Ni da nake da baki kamar rediyo, ranar da ƙyar nake haɗa kalma biyu. Na faɗa dai. Na faɗi sabuwar motar, na faɗi tiyo mai sanyi, na faɗi Lahadi da sukurai biyu. Wani daga gefe ya ce yaron nan lafiyarsa kuwa, a ranar sadaka? Babana ya yi min ido in yi shiru. Baffa ya ɗaga hannu ya ce a bar ni in kai aya. Na faɗi asibiti, na faɗi yadda Tsoho ya kai kansa ofis ba wanda ya tilasta shi. Da na zo inda direba ya nuna sukurun tankin ruwa, dattijon Makera ya kasa riƙewa ya tuntsire da dariya, ya hau istigfari.

Baffa bai yi dariya ba. Ya tambaye ni yaushe aka gaya min, a ina, wa ke wurin, kamar mai binciken satar amsa. Sannan ya juya wajen baƙon ya tambaye shi ko haka aka yi. Baƙon ya ce shi ya tsufa, abubuwa da yawa sun shige masa, abin da ya riƙe kawai shi ne Oga ne ya ɗauke shi a hannu har asibiti. Baffa ya ce ba wannan ya tambaya ba. Ya ce yana so ya ga hannun.

Baƙon ya daɗe yana kokawa da maɓallin. Ya naɗe rigar zuwa gwiwar hannu ya tsaya nan. Fatar ta yi sulɓi ta tattare, fari da baƙi, kamar ledar da ta kusanci wuta. Baffa ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar, ya sake cirewa.

Na jira faɗa. Na san Baffa, na riga na shirya wa kaina wata guda ba gaisuwa. Ya ce min, ba tare da ya dube ni ba, da na same shi a ɗaki tun shekaranjiya da ya fi, kuma za mu yi wannan maganar ni da shi. Sannan ya dafa ƙasa ya miƙe, ya taka har ƙarshen tabarma da kansa, ya ɗauki jakar baƙon.

“Baba, taso daga nan. Nan wurin masu zuwa gaisuwa ne.”

Ya kawo shi tsakiya, ya ce wa babana ya matsa, ya zaunar da shi tsakaninsu, a jeren 'ya'yan mamaci. Ya ce a gaya wa ɗan acaɓa kar ya dawo, ba inda za a je yau, kuma a shiga a shaida wa Iya aminin Malam yana nan zai shigo gaishe ta bayan azahar.

Ba a yi minti biyar ba wata tawaga ta iso daga Dutsin-Ma, mutum shida, ba su san komai ba. Suka cire takalma, suka bi jeren suna miƙa hannu. Suka yi wa Baffa ya haƙuri, ya amsa. Na gaba ya miƙa wa tsohon direban hannu biyu ya ce, “Baba, ya haƙurin rashi? Ɗan'uwanka ne?”

Tsohon direban ya juya ya dubi Baffa. Baffa ne ya amsa masa.

“Ƙanensa ne. Daga nesa ya zo.”

Allah Ya jiƙan Tsoho, Ya yafe masa wanda muka sani da wanda ya ɓoye don kunya, Ya sanyaya makwancinsa. Wanda duk ya karanta har nan, don Allah ya sa shi a addu'a ko sau ɗaya. Mu kuma Allah Ya kyautata namu ƙarshen, amin.